Batir a Sama, Fitila a Rami

Wani dunƙulen jar waya ne ya faɗo tim a kan teburin Auta, ya ture gwangwanin ƙananan kusoshi suka watse a ƙasa.

Ta ɗago kai daga tocilan ɗin da take gyarawa. Gimbiya ce tsaye a ƙofar shagon, 'yar mai garejin da ke can bayan kasuwa, ta riƙe ƙugu tana taunar cingam ƙas-ƙas.

"Ga ragowar wayarki nan. Ki riƙa tattali, 'yar uwa. Fitila aka ce, ba igiyar shanya ba."

Auta ta zuba wa wayar ido. Ta san ta kamar yunwar cikinta. Ita ta auna ta da hannunta, ita ta naɗe ta jiya da yamma.

"Wa ya yanke ta?"

"Ni na sa mai gyaran wayar motocin garejinmu ya rage ta. Yanzu ta yi tsaf, kamar 'yar kanti."

"Saƙon da na ba ki fa? Kin faɗa wa Dogo?"

"Wane saƙo kuma?"

"Batir a sama... nesa da ramin. Sau nawa na maimaita miki?"

Gimbiya ta taɓe baki.

"Ni 'yar aikenki ce? Ke da ba kya magana da shi, me zai kai ni ambatonki? Na miƙa masa fitila, ya yi godiya, ya ce hannuna akwai albarka. Yanzu ma na baro shi zai sauka rami da ita. Tankin wata tsohuwar bas ke yoyo, zai sauke shi."

Ƙarfen dalma ya suɓuce daga hannun Auta.

A bayan labule, keken ɗinkin Mama da ke ta kacakaca tun safe ya tsaya cak.

A gidan nan akwai kalmomi biyu da ba a haɗa su a baki ɗaya: tanki da rami. Baban Auta bakanike ne, kuma a wannan garejin ya yi aiki. Ramin nan da ake gina wa makanikai, mota ta hau kansa su shiga ƙarƙashinta a tsaye, a cikinsa ya ƙare. Yana sauke tanki, fetur na ɗiga, sai ƙwan lantarkin da ya rataya ya zame ya fashe a ƙasa. Auta tana ƙaramar makaranta a lokacin. Abin da ta riƙe shi ne ba a bar su sun ga fuskarsa ba, kuma Mama ta daina bin titin garejin tun daga ranar, ko da zai kai ta zagaye rabin gari.

To, zuciya ba ta da kunya. Duk mazan duniya, Auta ta rasa wanda za ta so sai bakanike, kuma na wannan garejin.

Wata rana ya shigo shagonta na gyaran fitilu da caja, dogo har sai da ya sunkuya a ƙofa, ya ajiye mata wata 'yar tocilan duk gindinta sawun haƙora.

"Malam, gyara ka kawo ko ragowar abincinka?"

"A baki nake riƙe ta, Hajiya. Hannu biyu Allah ya ba ni, duka sipana ta cinye."

"In batir ya ƙare fa?"

"Sai mu ja ƙwan lantarki mu rataya."

Dariyar da take yi ta ɗauke. Shi kuma ya lura, ya tambaya, ta faɗa masa. Daga ranar tocilan ɗin nan ta koma lalacewa kusan kullum, ko da lafiyarta ƙalau.

Da maganar ta isa ga Mama, ba ta yi faɗa ba. Da ma faɗan ta yi, da ya fi sauƙi. Kuka ta yi, irin marar sautin nan.

"Ba ni da abin faɗa a kan halinsa, Auta. Yaro ne mai kunya. Amma na yi zaman jiran mutumin rami sau ɗaya, ba zan zauna in ga 'yata tana yi ba. Ki yi mini alkawari, ba magana, ba zuwa garejin nan, sai na ce."

Ta yi alkawari. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ai sai ya gudu, kuma ita ma saran ya shafe ta. Amma Mama baki da ƙafa ta ɗaure, ta manta da hannu.

Auta ta zauna ta haɗa masa fitila. Ta samo zaren ƙananan ƙwayayen LED, masu haske fari tas ba zafi, waɗanda batirin mota ke kunnawa. Ta manna su a jikin sandar labule ta alminiyom don ta riƙa shanye ɗumin. Ta zura sandar cikin tiyo mai garai-garai, ta toshe bakin nan biyu da gam har ko numfashi ba zai shiga ba. Ta lanƙwasa ƙarfen rataye kaya ta yi ƙugiya, ta cire maganaɗisu daga tsohuwar sifika ta ɗaura, don ya manna ta a jikin mota duk inda ya ga dama. Ta jefar da ita ƙasa da gangan, ta taka ta, ta tsoma ta a bokitin ruwa, fitila na ci abinta.

Makunni ne kawai ba ta sa ba, don makunni na yin tartsatsi. Sai ya rage wuri ɗaya tak da ba ta da yadda za ta yi da shi: bakin kada guda biyu da ake maƙalawa a kan batir. Duk sanda na biyun ya taɓa, sai ɗan tartsatsi ya yi tsalle. Shi kuwa tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, gangarawa yake ya kwanta a rami kamar ruwa a kwatami. Shi ya sa ta yi wayar doguwa, ta isa daga ramin har gindin bishiyar da ke bakin ƙofa. Da yake ba ta da halin zuwa, sai ta ba Gimbiya ta kai masa.

Wayar da ke kwance yanzu a kan teburinta.

Ta ɗauki salula ta lalubo lambarsa. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake. Ta san inda salularsa take, tana aljihun rigarsa ta fita, a rataye a ɗakin ajiya.

"Lambar babanki, Gimbiya."

"Ya tafi sayen kaya. Wai me ye haka? Don 'yar waya kike wannan..."

Auta ba ta tsaya ji ba. Ta juya ga labule. Mama na tsaye, almakashi a hannu, fuskarta ta yi fari fat.

"Mama, alkawarin..."

"Tafi."

Ko mayafi ba ta gyara ba ta faɗa titi. Ta tari mai babur, ta haye tun bai gama tsayawa ba.

"Garejin bayan kasuwa. Don girman Allah ka yi sauri."

"Hajiya, ai sai a yi ciniki tukun."

"Ka faɗi duk abin da ka so, mu je."

Ranar da kake sauri, ranar duniya ke fitowa yawo. Ga mai kura ya tare hanya da buhuna, ga motar ruwa tana ribas, ga wasu mata sun tsaya gaisuwa a tsakiyar titi kamar tsakar gidansu. Auta ba ta kallon ko ɗaya. Sama take kallo, ta saitin garejin, tana neman baƙin hayaƙi. Duk ƙarar da ta ji sai ta zata daga can ne. Wani ya saki ƙofar shago garam, ta ƙanƙame rigar mai babur har ya waiwayo.

"Lafiya kuwa, Hajiya?"

"Ka dubi gabanka."

Addu'a take son yi, amma bakinta ya kasa haɗa komai sai "Ya Allah... Ya Allah..." Abin da ke cin ranta shi ne da hannunta ta haɗa. Da ta bar shi da 'yar tocilan ɗinsa ta baki, da yanzu yana can yana aikinsa lafiya. So ne ya sa ta ƙera masa, ga shi son na shirin zama ajalinsa.

A bakin kasuwa hanya ta cushe gaba ɗaya. Ta dire, ta cusa wa mai babur abin da ke hannunta, ta ranta a na kare. Takalmi ɗaya ya tsinke, ta bar shi nan.

Tun daga ƙofar garejin warin ya dake ta.

Fetur. Mai kauri, har yana ɗaci a maƙogwaro.

Wurin shiru, duk an tafi cin abincin rana. Tsohuwar bas na tsaye a kan ramin can cikin rumfa, inda hasken rana ba ya kaiwa. Rabonta da wurin nan tun tana riƙe da hannun Baba. Ta kutsa ciki.

Ta durƙusa a bakin matakalar ramin ta leƙa.

Yana ciki. Ga bokiti a ƙarƙashin tankin, fetur na ɗiga ɗis, ɗis. Ga batir ya sauko da shi ya ɗora a kan bulo. Fitilarta na manne a ƙarƙashin motar. Baƙin bakin kada ya riga ya ciji kan batir. Jan yana hannunsa na dama, ya buɗe shi, tsakaninsa da ƙarfen bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Ihu ya taso mata har wuya, ta haɗiye shi. In ta razana shi hannun zai iya zamewa.

"Dogo..." ta ce a hankali, kamar mai tashin jariri.

Ya ɗago. Fuskarsa ta washe, sai kuma ya tuna yana fushi, ya ɗaure ta.

"A'a. Yau kuma an tuna da talakawa?"

"Kar ka motsa hannunka."

"Sati nawa ina kira ana kashewa? An ce mini ma kin ce kowa ya kama gabansa." Yana magana yana kaɗa jan bakin kadan a iska, kusa da batir, nesa, kusa.

Ta ƙara sassauta murya.

"Masoyina... dube ni."

Bai taɓa jin kalmar a bakinta ba. Kullum Malam ne, ko Dogo in ta so tsokana. Hannun ya tsaya cak.

"In har ka taɓa sona, ko na rana ɗaya, ka ja hannun nan baya. A hankali. Ka kai shi ƙirjinka."

"Auta, me ya faru? Kuka kike?"

"Ka yi tukun. Don Allah."

Ya ja hannun, a hankali, yana kallonta.

"Sa shi cikin aljihunka. Kar ya taɓa komai."

Ya sa.

"Yanzu cire baƙin. Ba zai yi komai ba tun da jan bai taɓa ba. Yawwa... Bar batirin nan. Kar ka ja shi, kar ka taɓa sipana. Ciro fitilar ka hawo."

Matakalar ba ta da yawa, amma a wurin Auta sai da ya shekara yana hawa. Kansa na fitowa fili ta cafki hannun rigarsa, baƙin mai da komai, ta ja shi. Ba ta sake shi ba sai gindin bishiyar bakin ƙofa. Nan ta zube ta fashe da kuka.

Ya tsuguna a gabanta, ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Ki yi mini bayani, hankalina ya tashi. Ai wannan ba ta zafi, ba ta fashewa. Na gwada ta da safe a waje."

"Da ka maƙala ta da safen... ba ka ga komai ba a kan batirin?"

Ya buɗe baki zai ce a'a. Sai ya waiwaya ya kalli rumfar, ya kalli bakin kadan da ke leƙowa daga aljihunsa. Gumi ya karyo masa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un..." Muryarsa ta dushe. "Wallahi ko warin ban ji ba. Hancina ya saba."

"Sabo turken wawa," ta ce cikin kuka.

"Na karɓa. Yau kam na karɓa." Ya juya fitilar a hannunsa, ya shafa ƙugiyar, ya shafa gam ɗin da aka lailaye da yatsa. "Ke kika yi ta."

"Da wa ka zata?"

"Na yi mamaki dai. Gimbiyar da ko ƙwan ɗakinta sai ta kira mu mun sauya mata."

Babur ya tsaya a ƙofar garejin. Auta ta ɗago.

Mama ce. Mama da ta yi shekaru ba ta taka titin nan ba. Ta sauko da silifas ɗin ɗaki, zare na manne a zaninta, ta rungume dunƙulen jar wayar a ƙirji. A bayanta wani babur ya sauke Gimbiya, cingam ya bar bakin.

Mama ta tsaya a bakin ƙofar. Idonta ya wuce su, ya tafi can cikin rumfa, ya daɗe. Leɓenta na motsi. Sannan ta dawo da shi kan Dogo, ta dube shi daga sama har ƙasa kamar mai ƙirga gaɓoɓinsa.

Ya zube a ƙasa.

"Mama, ina wuni. Ku yi haƙuri, laifina ne, ba ita..."

"Ba ka ƙone ba?"

"A'a, Mama."

"Ko'ina?"

"Ko'ina."

Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ta miƙa wa Auta wayar.

"Mayar da ita yadda take. Ina kallo."

Auta ta share ido da bayan hannu. Dogo ya ɗauko filaya da tef daga akwatin da ke waje, ya kinkimo wani batir daga motar da ke fili ya ajiye a gindin bishiya. Ta fere bakin wayoyin, ta murɗe su ja da ja, baƙi da baƙi, ta naɗe tam.

"Na wucin gadi ne. Sai na kai shago na sa dalma."

"Nuna mini abin da ya sa ki gudu ba takalmi," in ji Mama.

Auta ta maƙala baƙin. Za ta kai jan, Mama ta riƙe hannunta.

"Ba ni."

Ta karɓa. Ta matsa shi da yatsu biyu irin riƙon almakashi, ta kai shi a hankali.

Tas.

Ɗan shuɗin tartsatsi, bai kai ƙwayar gero ba. Can a ɗaya ƙarshen wayar fitila ta kama, fari tas a hannun Dogo.

Mama ta daɗe tana kallon kan batirin.

"Wannan ɗan abin?"

"Shi ke nan, Mama. Ya isa."

Gimbiya ta ɗora hannu a ka ta sulale jikin bango.

"Na shiga uku... Wallahi ban sani ba. Ni dai so nake ya ce ni ce. Auta, wallahi ban sani ba..."

Auta ta so ta faɗa mata magana mai zafi, ta tanade ta ma tun a kan babur. Da ta ga yadda take kakkarwa sai ta rasa ta.

"Na sani," ta ce kawai. "Tashi ki je gida."

Mama ba ta ko waiwaye ta ba. Ta zauna a kan wata tsohuwar taya, ta kalli 'yarta.

"Da kin ba shi da hannunki, da kin faɗa masa da bakinki."

"Alkawari na yi miki, Mama."

"Na sani. Ni na rufe bakin." Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba. "Ina gudun rami, ashe ni nake tura shi ciki. Na zata in na raba ku tsoron zai fita daga gidana. Yau da na ji an ce tanki, ban tuna cewa ɗan wani ne ba. Ji na yi kamar nawa."

Dogo ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.

"Kai, ɗan nan."

"Na'am, Mama."

"Ba zan ce ka bar sana'arka ba, ita ta ciyar da mu. Amma ka ga bishiyar nan? Nan ne mazaunin batirin. In mota na yoyon mai, a turo ta fili. Ranar da na ji ka sauka da shi rami, ko ka bari an rage wayar nan ko da taƙi ɗaya, da kaina zan zo in ɗauke 'yata, ko da 'ya'ya goma ne a tsakaninku."

Sai da maganar ta zagaya kansa ta dawo sannan ya gane. Ya ɗago da sauri, ya kalli Mama, ya kalli Auta da ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Mama... kuna nufin..."

"Ka turo manyanka. Kuma ka yi wanka kafin nan."

Ranar da aka kai Auta ɗakinta, ƙawaye sun sha dariya, don a cikin kayan da Mama ta haɗa mata, tsakanin zannuwan gado da labule, an tarar da sabon dunƙulen jar waya. Aka yi ta tambaya, Mama ta ce ko da za a buƙaci ƙari.

Tsoron bai tafi duka ba, ƙarya ne a ce ya tafi. Har yau in Auta ta ji ƙara daga wajen kasuwa sai ta ajiye ƙarfen dalma ta fito ƙofar shago. Amma takan rufe shagon da rana ta kai wa mijinta abinci, kuma ba ta fara neman fuskarsa. Gindin bishiya take fara dubawa. In ta ga batir a inuwa, jar waya ta miƙe a ƙasa ta shige rumfa, sai ta sauke numfashi, ta bi wayar a hankali har bakin ramin.

"Malam, a fito a ci abinci."

Daga ƙasa, cikin farin haske, muryarsa kan taso.

"Ba haka kika kira ni ba ranar nan."

"Ranar nan ai mutuwa za ka yi. Fito kafin ya huce."